Kafa Doka: Ma'anar Kalmar da Masu Ikon Yin Aikin

Lacca ga 'yan Arewa mazauna Ikko, Badun, Anacha, Fatakwal da sauran garuruwan Kudu



Akwai wata magana da ba a wuni ba a ji ta ba a Sabo ta Badun, ko Agege, ko Idi-Araba, watau "an kafa doka". Idan aka kama babur ɗin ɗan acaba, sai a ce an kafa doka. Idan wani mai rasit ya tare ɗan baro a bakin kasuwa ya nemi kuɗi, shi ma cewa zai yi an kafa doka. Haka ake faɗa idan shugaban 'yan gwari ya hana sauke kaya bayan magariba, haka kuma idan Gwamna ya yi jawabi a rediyo. Kalma ɗaya ce, amma abubuwa huɗu ne dabam-dabam. A cikinsu akwai wanda saɓa masa kan kai mutum kurkuku, akwai kuma wanda ba shi da tushe ko na anini. Duk wanda bai iya rarrabe su ba, zai yi ta biyan kuɗin da ba a bin sa, sa'an nan wata rana ya raina abin da zai cinye masa jari. Saboda haka makasudin wannan lacca shi ne a san abin da ake nufi da kafa doka, da waɗanda ke da ikon kafa ta, da kuma inda hannun baƙo mazaunin Kudu yake a cikin aikin.

ASALIN KALMAR

A Hausa akwai itacen doka, akwai doka ta kitson mata, akwai kuma doka ta bugu. Wadda ake magana a kanta a nan ita ce umarni ko hani da hukuma ta ajiye wa jama'a duka, tare da horon da zai hau kan wanda ya ƙetare. Dattawa ba su manta da 'yan doka ba, watau 'yan sandan En'e, waɗanda aka haɗe da 'yan sandan Nijeriya a zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon. Sunansu ya nuna aikinsu, domin tsaron doka aka ba su. Ba su ne masu yin ta ba.

Kalmar "kafa" kuwa ita ce wadda ake amfani da ita ga dirka da tuta da gari. Abin da aka kafa yakan tsaya wuri ɗaya kowa ya gan shi, ba ya kuwa tashi sai an tumɓuke shi. Shi ya sa ake cewa an kafa doka, an karya doka, an soke doka. Turawa suna kiran wannan aiki legislation, daga kalmomin Latin guda biyu, ɗaya tana nufin doka, ɗaya kuma tana nufin ɗauko abu a gabatar da shi. Larabawa suna cewa tashri'i, daga tushen da kalmar shari'a ta fito. Wurin da ake yin aikin shi ne majalisa, wadda ita ma Larabci ce, ma'anarta wurin zama. Watau dai a zauna, a gabatar, a yi muhawara, kana a tsai da magana.

DOKA DA MAƘWABTANTA

Kalmomi uku ne suka fi shiga rigar doka a bakin jama'a. Ta farko ita ce ƙa'ida, irin wadda ƙungiyar mahauta ko ta 'yan goro ko ta direbobi kan tsara wa 'ya'yanta. Tana da amfani ƙwarai, ita ke riƙe da zaman kasuwa, amma ƙarfinta bai wuce waɗanda suka yarda suka shiga ƙungiyar ba. Ƙungiya tana iya cin ɗanta tara ko ta kore shi. Ba ta da ikon tsare shi a ɗaki.

Ta biyu ita ce umarni, wanda akan ce oda. Gwamna ko kwamishina ko shugaban ƙaramar hukuma yana ba da umarni, amma tilas ya kasance wata doka ce ta ba shi iznin yin haka. Umarnin da ba ya jingine da doka kamar rumfa ce ba dirka, kotu na iya ture shi.

Ta uku ita ce hukunci. Alƙali ba ya kafa doka. Aikinsa shi ne ya dubi wadda aka riga aka kafa, ya fassara ta, ya ɗora ta a kan maganar da ke gabansa.

Tsarin Mulki na 1999 ya raba waɗannan ayyuka tun daga farkonsa. Sashe na 4 ya ba majalisu ikon kafa doka, sashe na 5 ya ba Shugaban Ƙasa da gwamnoni ikon zartarwa, sashe na 6 kuma ya ba kotuna ikon shari'a. Haka abin yake a Tsarin Mulki na 1979.

SUNAYE SHIDA A TAKARDAR GWAMNATI

Abin da Bahaushe ya dunƙule ya kira doka, takardun gwamnati sun rarraba shi, kuma sunan da aka rubuta a kan takarda yana faɗin wanda ya kafa ta. Ordinance ita ce ta zamanin Turawa. Act ta Majalisar Tarayya ce, Law kuma ta Majalisar Dokokin Jiha. Decree ta Gwamnatin Mulkin Soja ta Tarayya ce, Edict ta gwamnan soja na jiha, bye-law kuma ta ƙaramar hukuma. Tarihin Nijeriya yana kwance cikin waɗannan sunaye.

Bayan da Ingila ta karɓe Ikko a 1861, an kafa mata 'yar majalisa a 1862, amma Gwamna da ma'aikatansa ne suka cika ta. A tsarin Gwamna Clifford na 1922 aka fara zaɓe, wakilai 4 kacal, 3 daga Ikko, 1 daga Kalaba, kuma ba mai jefa ƙuri'a sai namijin da ke samun Fam 100 a shekara. Wannan majalisa Kudu kaɗai take yi wa doka. Arewa kuwa Gwamna ne ke kafa mata da alƙalaminsa. Sai a 1947, ƙarƙashin tsarin Gwamna Richards, wakilan Arewa suka zauna tare da na Kudu a majalisa ɗaya, aka kuma buɗe Majalisar Wakilai da ta Sarakuna a Kaduna. Tsarin Macpherson na 1951 ya ba majalisun yankuna ikon kafa dokokinsu, na 1954 kuma ya mai da ƙasar tarayya.

Da sojoji suka karɓi mulki a Janairun 1966, abin da suka fara yi shi ne rufe majalisu da Dokar Soja mai lamba 1. Daga nan doka ta koma abin da mutane ƙalilan ke rubutawa, a wayi gari a ji ta a rediyo. Wasu daga cikin irin waɗannan dokoki sun daɗe. Dokar Mallakar Ƙasa ta Maris 1978, wadda ta sa filayen kowace jiha a hannun Gwamna bisa amana, an cusa ta cikin Tsarin Mulki na 1979 da na 1999, kuma ita ce dalilin da ya sa mai sayen fili a birni ke neman amincewar Gwamna. Wasu kuwa sun jawo masifa. Doka mai lamba 34 ta Mayun 1966, wadda ta rushe tsarin tarayya, tana cikin abubuwan da suka ta da tarzoma a Arewa. Doka mai lamba 20 ta 1984 an mai da ita baya ta kama laifin da aka yi tun kafin a kafa ta, aka kuwa harbe samari uku da ita a Ikko a Afrilun 1985 bisa laifin miyagun ƙwayoyi. Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 4, ya hana kowace majalisa kafa dokar laifi mai komawa baya.

HANYAR DA SHIRIN DOKA KE BI

Kafin doka ta zama doka, sunanta shirin doka. Gwamnati na iya kawo shi, ɗan majalisa ma yana iya kawo nasa. A karatu na farko sunansa kawai ake ambata. A karatu na biyu ake muhawara a kan manufarsa. Daga nan sai a miƙa shi ga kwamiti, wanda kan bi shi sashe-sashe, galibi kuma ya kira zaman jin ra'ayin jama'a, inda ƙungiyoyi da ɗaiɗaikun mutane ke kawo takardunsu ko su yi magana da baki. Kwamiti ya kawo rahoto, a yi karatu na uku, a jefa ƙuri'a.

A Tarayya majalisu biyu ne, ta Dattijai mai wakilai 109 da ta Wakilai mai 360, kuma tilas su duka biyu su amince da magana iri ɗaya. Sa'an nan a kai wa Shugaban Ƙasa, wanda sashe na 58 ya ba kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Idan ya ƙi, kuma kowace majalisa ta sake amincewa da rinjayen kashi biyu cikin uku, shirin ya zama doka ko babu hannunsa. An yi haka a shekarar 2000 a kan dokar Hukumar Raya Yankin Neja-Delta. A jiha majalisa ɗaya ce, wakilanta ba sa kasa 24 ba sa wuce 40, Gwamna kuma shi ke sa hannu bisa irin wannan sharaɗi, kamar yadda sashe na 100 ya tanada.

Tsallake mataki ɗaya yana iya rushe aikin duka. A 1981 majalisun Tarayya biyu sun saɓa a kan shirin dokar rabon arzikin ƙasa, aka kafa kwamitin haɗin gwiwa ya sasanta, sai aka ɗauki abin da kwamitin ya tsayar aka kai wa Shugaba Shehu Shagari ya sa hannu ba tare da an mai da shi zauren majalisun ba. Gwamnatin Jihar Bendel ta kai ƙara, Kotun Ƙoli kuwa ta soke dokar, bisa hujjar cewa kwamiti ba majalisa ba ne. Idan har hannun Shugaban Ƙasa bai isa ya rufe wannan giɓi ba, to, ina ga rasit ɗin wani mai tsayuwa a bakin titi?

ƘUDURI DABAM, DOKA DABAM

Gidajen rediyo na yau sukan yi amfani da kalmar ƙuduri ga shirin doka, su kuma yi amfani da ita ga shawarar da majalisa ko wani taro ya yanke. Wannan yana rikita mai sauraro. Shawarar majalisa tana nuna ra'ayinta, tana kuma iya matsa wa gwamnati, amma ba a gurfanar da kowa gaban alƙali da ita.

A 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo shahararren batunsa a majalisar Kaduna yana neman a gyara mulkin En'e. Majalisa ta amince, amma ranar ba abin da ya canja a fadar kowane sarki. Gyaran ya zo ne daga baya ta hanyar dokoki, har da Dokar En'e ta 1954.

Misali na kusa shi ne taron da gwamnonin Kudu suka yi a Asaba a Mayun 2021, inda suka tsai da shawarar hana kiwon sake. Washegari labari ya cika zangon shanu cewa an kafa doka. Alhali kuwa taron gwamnoni ba majalisar dokoki ba ne. Jihar Ekiti ta riga ta kafa tata tun 2016, Oyo kuma a 2019. Wasu kuma sai da kowace ta kai shirin doka majalisarta, Ondo ta sa hannu a Agustan 2021, Ikko a Satumba. Tanadin kowace jiha da horon da ta ajiye ba lalle su zama ɗaya ba, don haka mai dabbobi yana bukatar sanin ta jihar da ƙafarsa take.

KOWACE MAJALISA DA IYAKARTA

Tsarin Mulki ya jera abubuwa sama da 60 da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, kamar soja, 'yan sanda, kuɗin ƙasa, kwastan, fasfo da shige da fice. Akwai jeri na biyu wanda Tarayya da jihohi suka yi tarayya a kansa, inda dokar Tarayya ke rinjaye idan an sami saɓani. Abin da ba ya cikin jerin biyu, na jiha ne. Ƙananan hukumomi kuwa, su 774, an ba su kula da kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, shaguna da gidajen abinci, da yankan lasin na keke da baro da amalanke da kwalekwale. Mai sana'a a Kudu zai ga cewa yawancin abin da ya shafi tuwonsa na yau da kullum yana hannun majalisar jiha da ta ƙaramar hukuma.

Ko dokar laifuffuka ba ɗaya ba ce. Majalisar Jihar Arewa ta kafa Final Kot a 1959, ta fara aiki a 1960. Kudu kuwa ta ci gaba da kundin laifuffuka na 1916, Jihar Ikko ma ta kafa nata na kanta a 2011. Saboda haka wanda ya tsallaka daga jihohin Arewa zuwa na Kudu ya shiga ƙarƙashin wani kundi, rashin sani kuwa ba hujja ba ne a gaban alƙali.

Sai dai akwai garkuwa guda da ke bin ɗan ƙasa ko'ina ya je. Sashe na 36 ya ce ba za a kama mutum da laifi ba sai laifin da horonsa suna rubuce cikin doka. A 1961, a shari'ar Aoko da Fagbemi, Babbar Kotun Jihar Yamma ta soke hukuncin da wata kotun gargajiya ta yanke wa wata mace bisa zina. Kotun ba ta ce aikin yana da kyau ba. Cewa ta yi babu rubutacciyar doka a Yamma da ta mai da shi laifi, kuma al'ada kaɗai ba ta isa a hori mutum da ita ba. Don haka duk wanda aka ce ya karya doka yana da damar tambaya, cikin ladabi, wace doka ce, wace majalisa ta kafa ta, kuma wane sashe.

Ita majalisar ma tana da linzami. Sashe na 1 ya ce duk dokar da ta saɓa wa Tsarin Mulki ɓatacciya ce gwargwadon saɓaninta. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin tafiya da zama a duk inda ya so cikin ƙasar. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko asali, na 43 kuma ya ba shi damar mallakar gida da fili ko'ina. Majalisar jiha tana da ikon tsara yadda za a yi sana'a a titunanta, amma ba ta da ikon kafa dokar korar wani ɗan ƙasa don asalinsa.

TUN RAN GINI RAN ZANE

Maganar acaba a Ikko ta isa darasi. A Agustan 2012 Gwamna Babatunde Fashola ya sa hannu a dokar hanya wadda ta hana babura bin tituna 475. A 2018 majalisar jihar ta kafa sabuwar dokar gyaran sufuri. Da aka tsananta hanin a Fabrairun 2020, aka kuma hana acaba ɗungum a ƙananan hukumomi 6 daga 1 ga Yunin 2022, aka ƙara wasu 4 a Satumba, samari da yawa daga Arewa sun ɗauka cewa a ranar aka kafa dokar. Umarnin ne sabo, dokar da ya jingina da ita kuwa ta yi shekaru a kafe. Kukan da aka yi bayan an kwashe babura ihu ne bayan hari. Lokacin da magana ke da tasiri shi ne sa'ad da shirin doka yake hannun kwamiti, ana iya cire sashe, a rage tara, ko a nemi wa'adi.

Akan ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. To amma Sabo ta Badun an kafa ta tun 1916, akwai kuwa gidaje a cikinta da aka haifi kaka da jika a ɗaki ɗaya. Wanda ya shekara talatin a Agege yana biyan haraji da kuɗin rumfa, sa'an nan duk lokacin zaɓe ya hau mota ya tafi Kano ko Sakkwato ya jefa ƙuri'a, ya zaɓi wakilin da ba zai taɓa zama a majalisar da ke yi wa rumfarsa doka ba. Wakilin mazaɓar da yake zaune kuwa bai ga sunansa a rajista ba, ba shi da dalilin sauraronsa. Tsarin Mulki ya ba duk ɗan ƙasa mai shekara 18 damar yin rajista, dokar zaɓe kuma ta yarda mutum ya nemi Hukumar Zaɓe ta mai da rajistarsa inda yake zaune.

Sharuɗɗan tsayawa takarar majalisar jiha, a sashe na 106, su ne zama ɗan ƙasa, da shekara 25 bayan gyaran da aka yi a 2018, da ilimin sakandare ko makamancinsa, da jam'iyyar da ta tsai da mutum. Ba a ambaci asalin jiha ba. Malam Umaru Altine, Bafillace falken shanu daga lardin Sakkwato, shi ne ya fara riƙe muƙamin Magajin Garin Inugu a shekarun 1950, kuma zaɓensa aka yi. A zaɓen 2015 mutanen da asalinsu ba na Ikko ba ne sun ci kujerun Majalisar Wakilai a Ajeromi-Ifelodun da Amuwo-Odofin da Oshodi-Isolo, domin mutanensu sun yi rajista a inda suke kwana.

Abin da ya rage shi ne aiki, kuma bai fi ƙarfin kowace unguwa ba. Ya kamata kowace ƙungiyar kasuwa ko ta tasha ta ware mutum biyu masu karatu su riƙa bin abin da ke gudana a majalisar jiha da ta ƙaramar hukuma. Ta ajiye kofen dokokin da suka shafi sana'arta a ofishinta, a fassara su da Hausa a karanta wa jama'a. Idan aka kira zaman jin ra'ayi, ta aika wakilai da rubutacciyar takarda, tare da lauya idan hali ya samu. Idan aka zalunci wani da sunan doka, majalisu suna da kwamitin karɓar koke-koken jama'a, ƙofar kotu ma a buɗe take. Sarakunan Hausawa kuma, waɗanda ba masu kafa doka ba ne amma jama'a na jin maganarsu, su ne suka fi cancanta su ja mutanensu zuwa wurin rajista, su kuma gargaɗe su a kan bin dokar garin da ke ciyar da su, domin mai neman doka ta kare shi tilas ya zama mai kiyaye ta.

Allah ya ba da zaman lafiya da maƙwabta, ya sa albarka a nema, ya mai da kowa gida lafiya. Wassalam.